Fara Daga Baya, Ɗana

Mahaifinka ya gaya mini ka sayi tsohuwar Chevelle ƙirar 1970 a can Mishigan, kana shirin ɗora mata inji 454 don ka riƙa shiga tsere da ita a ƙarshen mako, ranar Litinin kuma ka tafi aiki a cikinta. Shi hankalinsa ya tashi. Ni nawa bai tashi ba, don na san irin wannan sha'awa faɗa ba ya kashe ta. Allah ya sanya alheri. Amma tunda a ƙarƙashin motoci na yi furfura, ka ara mini kunnenka kafin ka sa hannu a aljihu.

Motarka 'yar wani zamani ce da bai daɗe ba. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji ya cusa a matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO, sauran kamfanonin Ditroit suka bi sahu. Abin ya kai ƙololuwa a shekarar da aka ƙera taka: Chevelle mai inji LS6 ta fito da ƙarfin doki 450 a rubuce. Daga nan dokokin hayaƙi, da tsadar inshora, da ƙarancin fetur na 1973 suka taru suka rufe babin. Abin da matasa ba su cika lura da shi ba shi ne, duk wannan ƙarfi a kan siraran tayoyi masu tauri aka ɗora shi. In direba ya taka totur, taya ce ke fara sulɓewa, ta yi hayaƙi, ƙarfin ya tsiyaye a banza. Shi ya sa LS6 ɗin kanta, yadda ta fito daga kamfani, sakan 13 da 'yan kai take cinye kwatan mil. Wannan sulɓewar ita ce ta riƙa ceton ƙarafan da ke ƙarƙashin motar. Yau za ka sa mata taya mai danƙo wadda ke kama kwalta gam, ƙarfin da dā yake tafiya cikin hayaƙi zai koma kan haƙora da sandunan da suka haura shekara hamsin a duniya. Mai jan ruwa komai ƙarfin damtsensa, in igiyar guga ta ruɓe, a rijiya gugan zai kwana. Don haka nake ce maka ka bar inji tukuna, ka fara daga baya, daga inda taya ke taɓa ƙasa, ka biyo gaba sannu a hankali.

Kafin ma wannan, ka zauna ka yanke lambar da kake nema. Tseren kwatan mil ne, ƙafa 1,320, wato mita 402, a miƙe daga tsaye, kuma kowane sakan da ka rage yana zuwa da nasa sharaɗin. A dokokin NHRA, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a 1951, motar da ta kai sakan 13.99 dole direbanta ya sa hular kwano. Tsohuwar mota irin taka in ta kai 11.49 sai an girka mata bututun ƙarfe a bayan kujerar direba saboda kifewa. In ta kai 9.99 sai cikakken keji na ƙarfe da lasin tsere, wadda ta kai mil 150 a awa kuwa sai ta ɗaura lema a baya don tsayawa. Ka nemi littafin dokokin na bana ka karanta da kanka, don suna gyara shi. Shawarata, ka tsaya a kan sakan 12 ko ƙasa kaɗan, kada ka tsallaka 11.50. A nan mota tana da saurin da zai manna bayanka da kujera, kujerar baya tana nan, kuma kuɗin gyara bai kai ga cinye albashinka ba. Motar sakan 10 wata duniya ce daban, mai aure da haya a wuyansa ya kamata ya yi tunani sau biyu kafin ya leƙa ta.

Yanzu ga ɗan lissafi, ka yi haƙuri da shi. Giyar farko ta giyabos TH400 tana ninka ƙarfin murɗawar inji sau 2.48. Haƙoran aksul na baya in 4.10 ne, su ma su ninka, ka ga an haura sau goma. Kwambatar da ke tsakanin inji da giyabos na otomatik tana ƙara ninkawa kusan sau biyu a lokacin tashi. Wato abin da ya fito daga inji yana isa sandunan tayoyi ya ninku kusan sau ashirin, a cikin ƙiftawar ido, yana neman tayar da mota mai nauyin fiye da kilo 1,600. Duk ƙarfen da ke wannan hanya sai ya ɗauki rabonsa, wanda ya fi rauni kuma shi zai fara ba da amsa.

Ka shiga ƙarƙashin motar ka ƙirga notocin murfin aksul. In goma ne, to ƙaramin aksul ne mai faifan haƙora inci 8.2, wanda aka yi don inji madaidaici, ba zai daɗe a bayan 454 da taya mai danƙo ba. In goma sha biyu ne, ka yi sa'a, shi kamfanin ya sa wa manyan injinansa, kuma ya isa lambar da muka yanke in an gyara shi da kyau. Sai dai su biyun suna da aibi guda da nake so ka riƙe. Abin da ke hana sandar taya zarewa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar harafin C, can ciki kusa da haƙora. In sandar ta karye a tsakiya, babu sauran abin da ke riƙe da taya, sai ta fice da guntun sandar da birkinta gaba ɗaya, motar na cikin gudu. Akwai kayan gyara da ake sayarwa masu riƙe sandar daga bakin aksul, ka saya ka sa, tare da sababbin sanduna na ƙarfe mai kyau. NHRA ba ta tilasta wannan sai mota ta kai 10.99, amma ni ba zan jira doka ta tilasta ni a kan abin da ya shafi rai ba.

Za ka ga da yawa suna cire aksul ɗin Chevrolet su sa na Ford mai inci tara, wanda Ford ya ƙera daga 1957 zuwa 1986, har yau kuma wasu kamfanoni na ƙera irinsa sabo fil. Masu kishin Chevrolet suna jin kunyar abin, amma dalilin a bayyane yake. Ƙaramin haƙorinsa yana da ƙarin boris da ke tallafe shi ta ciki, ba ya gocewa in nauyi ya hau. Sandunansa daga waje ake riƙe su, ba ruwansu da ɗan ƙarfen nan. Sannan ana zare tukunyar haƙoran gaba ɗaya ta gaba, mutum ya canza haƙora a kan tebur yana zaune. Aibinsa shi ne yana ɗan cin ƙarfi fiye da mai noti goma sha biyu. In dole sai ka sayi sabon aksul, shi zan nuna maka. In kana da mai goma sha biyu, ka riƙe abinka, kuɗin ya tafi wani wuri.

A cikin aksul akwai maganar da abokai za su ruɗe ka a kanta. Difirenshal na yau da kullum yana tura ƙarfi wajen tayar da ta fi sulɓi, sai ka ga taya ɗaya na hayaƙi ɗaya na hutawa. 'Yan tsere zalla suna cire shi su sa dunƙulallen ƙarfe da suke kira siful, wanda ke haɗe tayoyin biyu su juya tare ko da yaushe, masu neman araha kuma su yi wa haƙoran walda. A filin tsere, inda babu kwana, wannan daidai ne. A titi kuwa tayar waje tana buƙatar ta fi ta ciki tafiya a kowace kwana, in an hana ta sai ɗaya ta ja a ƙasa, ranar da aka yi ruwa ko ƙanƙara ta kwanta, irin wadda kuke gani a Mishigan, bayan motar zai riga gabanta. Ka sa mai ƙyale 'yar tazara, wanda Chevrolet ke kira Positraction, ko Detroit Locker in za ka jure ƙarar da yake yi a kwana.

Zaɓen haƙora shi ne wurin da motar tsere da motar zuwa aiki suke jayayya, kuma a nan ake gane wanda ya yi tunani. Da taya mai tsayin inci 28, kana tafiyar mil 70 a awa a babbar hanya, haƙora 3.08 za su sa inji ya yi juyi kusan 2,600 a minti. Haƙora 4.10 kuwa kusan 3,450: ƙara a kunne, zafi a lagireto, fetur na tafiya kana kallo. Amma a filin tsere 4.10 ne ke fizgar mota daga tsaye. Wani zai ce ka ƙara zuwa 4.56, to ka duba ɗaya ƙarshen. Motar da ke tsallaka layin ƙarshe da mil 115 a awa, da 4.10 injinta na wajen juyi 5,700 kafin a ƙara sulɓin kwambata, kusa da inda babban inji irin 454 ke ba da ƙarfinsa. Da 4.56 ya doshi 6,300, numfashinsa ya ƙare kafin hanya ta ƙare. Maganin jayayyar shi ne giyabos mai ƙarin giyar hutawa a sama. Akwai 4L80E, wanda ya fito a 1991, asalinsa TH400 ne aka ƙara masa giya ta huɗu mai 0.75. Ka ninka 4.10 da 0.75 ka gani: kusan 3.08. Ka samu haƙoran tsere a ƙasa da haƙoran tafiya a sama cikin mota ɗaya. Farashin wannan jin daɗi shi ne nauyi, da 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, wataƙila kuma sai an ɗan faɗaɗa ramin da ke ƙasan mota kafin ya shiga. In aljihu bai kai ba, TH400 da haƙora 3.55 ko 3.73 sulhu ne da ba a jin kunyarsa. Powerglide mai giya biyu da za ka ji ana yabo, na motoci marasa nauyi ne da ba su san cunkoson gari ba.

Kwambata kuma kada ka saye ta da ka. Ta kamfani tana fara kama mota tun inji bai kai juyi 2,000 ba. Ta tsere tana bari inji ya hau 4,000 ko fiye kafin ta kama, don mota ta tashi a daidai inda inji ke da ƙarfi. Duk wannan sulɓi zafi yake komawa, zafi kuma shi ne ajalin giyabos na otomatik. Don motar da za ta tsaya a danja, wani abu kusa da 3,000 ya wadatar, kuma ka kira masu ƙera ta ka gaya musu nauyin motarka, da haƙoranka, da tsayin tayarka, da irin kamshaf ɗin da ke injin, su haɗa maka wadda ta dace. Ka ƙara wa man giya nasa ƙaramin lagireto a gaba, da agogon da zai nuna maka zafinsa.

Na san zuciyarka na iya karkata ga giyar hannu, don akwai daɗi a cikinta wanda otomatik ba ya bayarwa. Tsohon Muncie mai giya huɗu ya sha wuya a rayuwarsa, ka bar shi ya huta, Tremec na ƙera sababbi masu giya biyar da shida waɗanda suka fi shi ƙarfi nesa. Amma ka tuna kuloci da fulawil suna juyawa ne dab da ƙafafunka. A watan Maris na 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyabos ya tarwatse a motar Don Garlits, gwanin gwanayen wannan tsere, ya raba motar biyu, ya tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Bayan ya warke ne ya mayar da inji bayan direba, sauran manyan motocin tsere suka bi shi. Kai ba za ka iya mayar da naka baya ba, don haka ka sa murfin kuloci na baƙin ƙarfe mai shaidar SFI a madadin na alminiyon da ya zo da motar.

Farfela abu ne mai sauƙin kuɗi da ake mantawa da shi. Ka sa sabuwa mai kauri, a daidaita ta a inji, da manyan kuros masu lamba 1350 a madadin ƙananan 1310. Ka kewaye ta da zoben ƙarfe cikin inci shida daga kuros na gaba. In kuros ɗin nan ya tsinke babu zobe, kan farfela zai faɗi ya soki kwalta, ya ɗaga bayan mota sama.

Akwai wata cuta da za ka gane ta da jikinka: ka saki mota sai tayoyin baya su riƙa tsalle, duk motar na karkarwa. Da zarar ka ji haka, ɗaga ƙafa. Kowane tsalle taya na sakin ƙasa ta sake kamawa da duka, kuma a nan ne yawancin sanduna da haƙora ke karyewa, ko da injin bai da wani ƙarfin a zo a gani. Chevelle hannuwa huɗu ne ke riƙe aksul ɗinta, na kamfani siraran ƙarfe ne masu robar da ta riga ta mutu. Ka canza su da masu ƙarfi, ka ƙarfafa wuraren da suke ɗaure da shasi, ka sa shokozoba da ake iya saitawa. Tayoyi kuwa ka nemi na tsere masu tambarin DOT, irin na Mickey Thompson ko Nitto, waɗanda doka ta yarda su hau titi. Yardar doka ba ta ƙara musu zane ba, ba sa son ruwa ko kaɗan. Ka ajiye wasu tayoyin na yau da kullum, ka riƙa canzawa.

Birki ma yana cikin lissafin. Motar da ta kai mil 115 sai ta tsaya kafin fili ya ƙare, birkin ganga na 1970 kuma yana yin zafi ya saki. Ka sa na faifai ko da a gaba ne kawai, ka canza tsofaffin tiyo.

Maganar halaccin hawa titi kowace jiha da tata. Mishigan ba ta gwajin hayaƙi, Kalifoniya tana yi amma ta yafe wa ƙirar 1975 zuwa baya. Ko ina kake dai ana son fitilu, da sigina, da ham, da salansa, da lamba, da inshora. Kada arahar lambar motocin tarihi ta ja ka, tana zuwa da sharaɗin da bai dace da mai zuwa aiki kullum ba. Ka kuma sani yawancin kamfanonin inshora ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere, in ka daki bango aljihunka ne zai amsa. Duk abin da ka cire daga motar, aksul ne ko giyabos, ka wanke ka shafa mai ka adana. Masu sayen tsofaffin motocin nan suna biyan kuɗi a kan kayan asali, kuma abin da aka yanka da wuta ba ya komawa yadda yake.

In kana son ganin inda wannan sana'a ta kai, ka bibiyi Drag Week da mujallar Hot Rod ta fara a 2005. Kwana biyar ana tsere, ana kuma tuƙa motocin daga fili zuwa fili a kan titin kowa, wajen mil 1,000, babu motar ɗauko kaya a baya sai 'yar tirelar da motar tseren ke ja da kanta. A 2019 Tom Bailey ya yi sakan 5.998 da gudun mil 250 a awa, a motar da ta yi wannan tafiya da tayoyinta. Ban kawo shi don ka yi koyi da lambarsa ba, wannan aikin masu dukiya ne. Ka dubi waɗanda ke tsayawa a gefen hanya a wannan mako, za ka ga sau da yawa zafi da doguwar tafiya ne suka kayar da su, abubuwan da mutum ba ya tunawa in idonsa na kan sakan kawai.

Saura magana ɗaya, ita ce mahaifinka ke tsoro, kuma yana da gaskiya. Wata rana za ka tsaya a danja a titin Woodward, wani ya tsaya kusa da kai ya riƙa taka totur yana kallonka. Ɗana, ka bar shi ya tafi. Ka san abin da wasan mota a bukukuwan aure ya jawo wa gidaje a garuruwanmu, kuma wanda abin ke rutsawa da shi galibi ɗan kallo ne ko mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Alhakin rai ba abin da ake ɗauka ba ne don burge wanda ba ka ma san sunansa ba. Kai kuma baƙo ne a ƙasar, kamu ɗaya na iya taɓa takardunka. Wally Parks da mutanensa sun kafa ƙungiyarsu ne don su kwashe matasa daga tituna su kai su wurin da ke da shinge da motar asibiti, filayen kuma suna nan, akwai US 131 a garin Martin cikin jiharku. Yawancinsu suna ware wani dare na gwaji, ka biya kuɗin shiga kaɗan, masu duba mota su duba taka, ka shiga layi.

Ka je wannan dare tun kafin ka canza komai, da motar yadda take, in dai birki da tayoyi lafiya, ba ta kuma zubar da mai ko ruwa. Ka koyi shiga layi da karanta fitilun tashi da ƙaramin ƙarfi, lokacin da kuskure ba ya tsada. A ƙarshen fili za su miƙo maka 'yar takarda mai lambobi. Kowa idonsa na zuwa kan lambar ƙasa, kai ka fara duba ta ƙafa 60 na farko, don ita ce ke gaya maka ko bayan motarka na aiki. Da tayar titi za ka ga sakan biyu da wani abu. In aikin da muka zayyana ya yi kyau za ta sauko wajen 1.7, kuma kowane ɗigo da ka rage a nan yana fitowa da riba a layin ƙarshe ba tare da ka taɓa inji ba. Ka rubuta iskar da ke cikin taya da yanayin garin a bayan kowace takarda, ka riƙa canza abu ɗaya tak tsakanin gudu da gudu don ka san abin da ya yi aiki. In ka samu ta farko, ka ɗauki hotonta ka turo mini, tare da adadin notocin da ka ƙirga a murfin aksul, sai mu san abin da za a fara saya.